Kafin ka tona fandisho: yadda ake tsara fuloti da zanen gidan iyali

Abin da ke yawan faruwa shi ne mutum ya samu fili, ya ga hoton wani gida a Facebook ko Instagram ya burge shi, sai ya kira birkila ya nuna masa waya ya ce irin wannan nake so, washegari an fara zuba yashi. Bayan an kai linta sai a gano falon ya cinye rabin fulotin, babu wurin shanya, babu inda za a ɗora tukunya ranar suna, baƙo in ya shigo sai ya ratsa ta gaban matar gida kafin ya zauna. A lokacin kuma gyara sai da rusau. Gidan da ka gani a waya an zana shi ne don wani fili da wasu mutane, kai kuma naka filin daban, iyalinka daban, shi ya sa tsari daga fili da iyali yake farawa, hoto daga baya yake zuwa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Fara da takardu da iyaka

Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne, kai abin da ake ba ka shi ne haƙƙin zama, wanda takardar C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. To kafin ka kashe ko sisi a zane ka tabbatar da abin da ka saya. In a Kano kake akwai hukumar adana bayanan filaye ta KANGIS da ma'aikatar ƙasa, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, ka je a duba maka ko filin yana da wani mai shi a rubuce, ko ya faɗa cikin hanya, ko wurin makaranta ne ko kasuwa a tsarin gwamnati. In awon igiya ne ka saya, wato filin da masu shi suka yanka ba gwamnati ba, wanda shi ne mafi yawanmu muke iya saye, to takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu dole ne, amma kar ka tsaya nan, ka ɗauko safiyo mai rajista ya auna ya kafa maka duwatsun iyaka a kusurwa huɗu ya ba ka zanen awon.

Dalilin safiyon nan kuwa shi ne fulotin da dillali ya ce maka 50 da 100 ne, in aka sa tef sau da yawa sai ka ga gaba ƙafa 48 ne baya 52, ko kusurwa ɗaya ta karkace. Ƙafa biyu a baki ba komai ba ce, amma a zane ita ce bambancin lungun da mutum zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Kuma ranar awo ka kira maƙwabtan iyaka su tsaya a yi a gabansu, rigimar iyaka tana iya kaiwa har jikoki.

Ka ɗaga kai kuma ka duba sama. In babban layin wuta ya bi ta kusa akwai tazarar da doka ta ware, na 330kV mita 25 kowane gefe, na 132kV mita 15, duk abin da ka gina a ciki ranar da aka tashi rusau ba diyya, ga haɗarin rai.

Ka karanci filin da ƙafarka

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa kuma shi ne ba ya cin kuɗi. Ka je filin da safe, ka koma da la'asar, in da hali kuma ka je cikin watan Agusta bayan an tafka ruwa, ka tsaya ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Filin da ka gani a watan Maris ƙayau a bushe yana iya zama hanyar ruwan unguwa gaba ɗaya. Ka tambayi tsofaffin wurin me ke nan da, don a Kano da Zariya da Katsina akwai filaye da yawa da tsofaffin kududdufai ne aka cike da shara da ƙasa aka yanka, irin wannan in ka yi masa fandisho na yau da kullum gini zai zauna ya tsattsage. Haka baƙar laka irin ta wasu sassan Borno da Adamawa da Gombe, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, ita ma sai injiniya ya gani kafin a yanke irin harsashin da za a yi. Ko rami ɗaya ka sa aka tona mai zurfin ƙafa 5 zuwa 6 za ka ga irin ƙasar da ke ƙasa, in kuma bene kake nufi to gwajin ƙasa na sosai za a yi.

Sai ka ɗauki takarda ka zana fulotin ko da hannu ne, ka sa alamar gabas da yamma da kudu da arewa, inda titi yake, inda lambatu yake ko zai kasance, inda maƙwabci ya sa rijiyarsa da sokawe ɗinsa, inda falwayar wuta take, da duk bishiyar da ke ciki. In akwai darbejiya ko mangwaro babba a gefen yamma dan Allah kar ka yi saurin sarewa, ka fara gani ko zane zai iya kauce mata, inuwar da take bayarwa da la'asar sai ka shekara goma kafin ka sake samu.

Ka sa alamar alƙibla ma tun yanzu. Daga Kano alƙibla ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kusan digiri 20, manhajar waya za ta nuna maka, ko ka duba masallacin unguwa. Za ta yi maka amfani wajen zaunar da masai da wurin sallah.

Zaman iyali kafin zaman mai zane

Yanzu ka zauna da uwargida, ba wai ka gama komai ka kawo mata ta gani ba. Ita ce take wuni a gidan nan, ita ta san nisan da ke tsakanin kicin da wurin wanke-wanke, ita ta san inda za ta tsaya tana girki tana hango yara. Wallahi gidaje da yawa da suka ba mata wahala maza ne suka zauna su kaɗai suka tsara su.

Ku rubuta su waye za su zauna a gidan, ba yau kaɗai ba har nan da shekara 15. Yaron da yake goye yau shi ne saurayin da zai buƙaci ɗakinsa. Addini ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10, ke nan ɗakin maza daban na mata daban ko da yanzu duk a ɗakin uwa suke kwana. Akwai tsohuwa da za ta dawo wajenka? In akwai, ɗakinta a ƙasa zai kasance, kusa da tsakar gida inda za ta ji motsin mutane, da banɗaki a ciki, ƙofar kuma ta kai ƙafa 3 saboda in ta kama keken guragu ya shiga. Kana da niyyar ƙara aure ko kana da mata biyu? To a faɗa wa mai zane gaskiya tun farko ya raba sassa biyu daidai wa daida, awo ɗaya, kowacce da kicin ɗinta da banɗakinta da ƙofarta, don in aka tashi liƙa sashe daga baya kullum ɗaya yakan fi ɗaya, daga nan magana take tashi. Matar gida tana sana'a, ɗinki ko saida kaya ko ƙulle-ƙulle? Masu saye ta ina za su shigo? Akwai kiwon kaji ko tumaki? Mota nawa? Duk a rubuta.

Daga nan ku raba jerin gida biyu, abin da ba makawa da abin sha'awa. Falo biyu da ɗakin cin abinci da baranda mai ginshiƙai duk suna da kyau, amma in za su cinye tsakar gida ni a ganina tsakar gida ta fi su.

Raba fuloti kafin raba ɗakuna

Magabatanmu sun riga sun warware wannan tun ana gini da tubali da azara. Ka dubi tsohon gida a cikin birni, daga titi zaure za ka shiga, daga zaure sai ƙofar gida inda ɗakin samari da na baƙi suke, sai shigifa, sannan cikin gida inda mata suke, ga turakar maigida a inda yake ganin shige da fice. Ƙofofin ma ba sa kallon juna, wanda ke zaure ba ya hango tsakar gida. Siminti da kwano sun canza kamannin gida amma buƙatar tana nan yadda take, saboda haka ka raba fulotinka kashi uku a ranka, na baƙi a gaba, na iyali a tsakiya, na aikace-aikace a baya.

Bari mu ɗauki 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, tana da tazarar da take so ka bari tsakanin gini da katanga, kuma ya danganta da unguwa da girman titi, a manyan leawut sau da yawa za ka ji mita 6 a gaba mita 3 a gefe da baya, a unguwanni masu cunkoso kuma ƙasa da haka. Ka je ka tambayi na unguwarku kafin a ja layi ɗaya. Amma don misali, a ce ka bar ƙafa 20 a gaba, ƙafa 5 kowane gefe, ƙafa 20 a baya, abin da ya rage maka na gini ƙafa 40 ne a faɗi 60 a tsawo. Wannan ya ishi ɗaki huɗu da falo biyu da kicin da sito ba tare da matsi ba.

Ƙafa 20 ɗin gaba ita ce ta mota, mota ɗaya tana son kamar ƙafa 9 da 18, get kuma ƙafa 10 zuwa 12, ka sa ƙaramar ƙofa daban ta masu tafiya a ƙasa. In titin ƙarami ne ka ja get ɗin gefe ɗaya maimakon tsakiya, juyawa ta fi sauƙi kuma ɗaya ɓangaren ya zauna maka a dunƙule, nan za ka sa ɗakin samari ko ɗan zauren baƙi da banɗakinsa da wurin alwala.

Lungun gefe kuwa kar ka raina shi. Mutane suna manna gini da katanga don ɗaki ya ƙara ƙafa uku, sai ɗakin ya rasa taga, ya zama duhu da zafi, fayif in ya fashe babu ta inda za a shiga. Lungun ƙafa 5 shi ne hanyar da mata za su bi daga get zuwa bayan gida ba tare da sun ratsa falon maza ba, ta nan mai ruwa zai shiga, ta nan za a wuce da ragon layya da buhun gawayi. Ko ƙafa 4 ce a samu.

Baya kuma nan rayuwar gida take, shanya, wanki, murhun itace ko gawayi na ranar taro, turmi, ɗan akurkin kaji, wurin da yara za su yi wasa a shimfiɗa tabarma da daddare lokacin zafi in an ɗauke wuta. In fulotinka 50 da 50 ne abin da zan ce maka shi ne kar ka yi ƙoƙarin cusa gidan 50 da 100 a ciki. Ka jera ɗakuna a gefe biyu kamar kusurwa su rungumi tsakar gida, ɗaki biyu ko uku da falo ɗaya, in kana hangen ƙari to sama za ka nufa, kuma bene tun daga fandisho ake shirya masa da ginshiƙai da rodi da wurin matattakala, ba a ɗora dekin a kan ginin da aka yi don kwano.

Rana da iska da ruwan sama

A ƙasarmu daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma bangon da ya fi shan wuya shi ne na yamma, ya sha rana tun azahar har magariba sannan ya kwana yana sako zafin cikin ɗaki. Saboda haka ɗakunan kwana, musamman na yara da tsofaffi, a kauce wa yamma da su. A yamma ka jera abin da ba a zama a ciki, sito, banɗaki, matattakala, gareji, su tare zafin. In fuloti ya ba da dama dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, nan za ka sa manyan tagogi, ɗan tsawon bakin kwano ya isa ya yi musu inuwa. In kuma titi ya tilasta maka fuskantar yamma to baranda mai faɗin ƙafa 5 ko 6 da bishiya su ne maganin.

Gabas ita ma da nata. Hadari a arewa galibi daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ya sa bangon gabas na gidajen ƙasa ya fi zaizayewa, hunturu kuma da ƙurarsa daga arewa maso gabas yake busowa. To tagar gabas a yi mata rumfa, ƙofar gabas a ɗaga mata dokin ƙofa, kuma rufi a ɗaure shi da rodi ko waya tun daga cikin bulo, farkon damina ne ake ganin kwanon mutane a kan titi.

Kowane ɗakin kwana ka nema masa taga biyu a bango daban-daban don iska ta shiga ta fita, taga ɗaya haske kawai take bayarwa. Faɗin tagogi gaba ɗaya kar ya gaza kashi 10 cikin 100 na faɗin daɓen ɗakin. Silin kuma ƙafa 10 daga ƙasa, kar birkila ya rage maka layin bulo ɗaya da sunan tattali, wannan layin shi ne bambancin ɗakin da fanka ke aiki da wanda take juya zafi.

Ruwa mai kyau da ruwa mai datti

Nan ina so ka natsu sosai don maganar lafiya ce. Rijiya ko bohol da sokawe ba sa maƙwabtaka. Masana lafiya suna ba da shawarar mita 30 a tsakaninsu, in wuri ya matse kar ya gaza 15, kuma ka lura mita 30 ɗin nan ita ce tsawon fulotin 50 da 100 gaba ɗaya, ke nan ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, rijiya a ɓangaren tudu sokawe a gangare. Kuma ba naka kaɗai za ka duba ba, in maƙwabcinka ya haƙa masai a jikin katangar da kake son yin rijiya to rijiyarka ta tashi daga nan, ƙasa ba ta san katanga ba. Taifod da amai da gudawa da ake fama da su a sababbin unguwanni da yawa daga irin wannan suke.

Sokawe kuma a sa shi inda motar kwasa za ta iya kai tiyo, shi ya sa wasu suke sa shi a gaba kusa da get su kai rijiya baya. Ko a gaba aka sa shi ko a baya duka daidai ne, abin dubawa shi ne gangaren fili da abin da maƙwabta suka riga suka yi. Kar a gina ɗaki a kansa, kar kuma a manna shi da fandisho.

Banɗakuna da kicin ka tattara su gefe ɗaya gwargwadon iko, banɗaki biyu su jingina da bango ɗaya baya da baya, fayif ya ragu, wurin yoyo ya ragu, kuɗin filamba ya ragu. Kowane banɗaki ya samu taga zuwa waje. Wajen zaunar da masai sai ka dawo kan alamar alƙiblar nan, hadisi ya hana fuskantarta ko ba ta baya wajen biyan buƙata, malamai sun yi sassauci in cikin gini ne, amma tunda har yanzu a takarda kake juya shi ya kalli kudu ko arewa ba zai ci maka komai ba.

Sai tsayin daɓe. Unguwar da ba a yi wa kwalta ba, ranar da gwamnati ta zo yin titi da lambatu ciko ake yi titi ya ɗaga, gidajen da aka yi daidai da ƙasa sai su koma rami, ruwan titi yana shigowa har falo. Ka ɗaga daɓen gidanka aƙalla ƙafa 2 sama da titin yanzu, in wurin gangare ne fiye da haka, tsakar gida kuma ta zubo da ruwa zuwa titi ta kwata a ƙarƙashin katanga. Indararo ko bakin kwanonka kar ya zuba a gidan maƙwabci ko jikin bangonsa, wannan haƙƙi ne.

Awon ɗakuna, da lissafin da ake mantawa

Ɗakin kwana na yau da kullum 12 da 12 ne, amma ka tuna kayan ɗakin matanmu, gado 6 da 6 ko 6 da 7, wadirob mai zurfin ƙafa 2, madubi, durowa, in ka zuba su a 12 da 12 wurin shimfiɗa sallaya ne kawai zai rage. Ɗakin uwargida ka ba shi 12 da 14 ko 14 da 14. Falon iyali 16 da 18 ya wadatar, na baƙi 12 da 14 ma ya isa tunda ba kullum ake cika shi ba, ni ban ga amfanin ƙaton falon baƙi da ake buɗewa sallah-sallah alhali yara suna cushe a ɗaki ɗaya ba. Kicin 10 da 12 da ƙofar fita baya, sito 6 da 8 a jikinsa wanda zai ɗauki buhunan masara da shinkafa na shekara, banɗaki 5 da 7, korido ƙafa 4. Tukunyar gas a yi mata ɗan keji a waje jikin bangon kicin a jawo tiyo, janareta can nesa da tagogin kwana saboda hayaƙinsa yana kisa, batiran sola kuma a ware musu ɗan wuri mai iska.

Abin da ake mantawa shi ne kaurin bango. Bulo inci 9 a waje, inci 6 a ciki. A faɗin ƙafa 40 ɗin nan bangon waje biyu sun ci ƙafa ɗaya da rabi, na ciki uku sun ci wata ɗaya da rabi, saura 37. In ka jera ɗaki 12, korido 4, falo 16, banɗaki 5, ka ga ya cika cif. Wanda ya yi lissafi da 40 sai an zo kafa igiya zai ga ba ta fita, a nan ne birkila yake rage ko'ina da ka, ka wayi gari da korido ƙafa 3.

Sannan ka bi zanen da yatsa kamar kai ne baƙo. Ka shigo get, ina ka nufa, me idonka ya gani? In ƙofar falon baƙi a buɗe take ana hango ƙofar ɗakin matar gida? Abinci zai fito daga kicin zuwa wajen baƙi ta ina? Baƙo in zai kama ruwa sai ya shiga cikin gida? Sai ka sake bi a matsayin uwargida da ta dawo daga unguwa falo cike da maza, sai a matsayin yaro da ya tashi fitsari da tsakar dare. Duk inda yatsanka ya tsaya akwai gyara. In bene ne kuma ka duba tagogin sama kar su leƙa tsakar gidan maƙwabta, a ɗaga su ko a juya su.

Siffar ginin ma kuɗi ce. Duk kusurwar da ka ƙara a bango ƙarin bulo ne da ƙarin yankan kwano da ƙarin wurin yoyo. Gida mai kusurwa huɗu da rufi mai sauƙi ya fi arha ya fi daɗewa. Ɓoyayyen rufi da ake yayi yanzu yana da kyan gani amma in magudanarsa ta toshe da ganye ruwa cikin silin yake komawa.

Kai wa masu sana'a, sannan a zana a ƙasa

Da wannan zanen hannun naka da zanen safiyo za ka je wajen akitek mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, shi zai mayar da shi zane na ƙa'ida, injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, kuma ya fitar da lissafin fandisho da rodi, musamman in da dekin. Ka nemi a ba ka zanen yadda gini ya zauna a fuloti, zanen ɗakuna da awo, na fuskoki, na rufi, na wayarin da na famfo. In ya kawo shawarar da ta saɓa da taka ka saurara ka tambayi dalili, amma in ya manta da zaure ko ƙofar mata ka tuna masa, kai za ka zauna a ciki. Daga nan a kai hukumar tsara birni a samu amincewa kafin a fara, in kana son shago a jikin katanga shi ma a sa shi cikin zanen tun yanzu.

In kuɗi ba za su kai a gama gaba ɗaya ba babu laifi, yawancinmu a hankali muke gini. A zana gidan gaba ɗaya, sai a zaɓi ɓangaren da za a fara, misali ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki, a rufa a shiga, sauran a bar wurinsu fili, sokawe da rijiya kuma a sa su a mazauninsu na dindindin tun farko.

Ranar kafa igiya ka kasance a wurin da kanka. A fara daga duwatsun safiyo, a auna tazarar da aka bari, a kafa katakai a ja igiya. Kusurwa ana gwada ta da awon 3 da 4 da 5, ƙafa 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, tsakaninsu ya ba da 5 daidai, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba ginin ya karkace, a sake. Kafin diga ta taɓa ƙasa ka sa a zuba toka ko farar ƙasa a bi layin kowane ɗaki, ka ɗauko uwargida ku shiga ku zagaya, ta tsaya a kicin ta ga ina tagarta, ku auna inda gado zai zauna, ka shigo da motar ka gwada juyawa. A ƙasa ɗakuna kan yi kamar sun ƙanƙance, kar wannan ya tsorata ka ka ce a ƙara, ka amince da tef. Amma in kun ga ƙofa ta zo inda bai dace ba ko lungu ya matse, a kira mai zane ya gyara a takarda ya sa hannu, a ba birkila kwafin da aka gyara a karɓe tsohon daga hannunsa, sannan a fara tono.